Jawabi ga Iyaye kan 'Ya'yanmu Masu Karatun Jinya ta Waya



Mun tara ku yau a kan samari da 'yan matan da ke son zama ma'aikatan jinya. Da yawansu karatunsu ya katse ranar da aka baro gida, yanzu kuma suna ƙoƙarin ci gaba ta wayar hannu.

Mu fara da gaskiyar magana. Ba a zama ma'aikacin jinya ta waya kaɗai. Sai an shiga makarantar da gwamnati ta amince da ita, an kuma yi aiki a gefen gadon majinyaci. Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, tana da cibiyar IFSIO mai horar da ma'aikatan jinya da ungozoma. Da Faransanci ake karatun, kuma sai da takardar BAC. Duk wanda ya ce zai ba ɗanku shaidar jinya ta intanet idan kun tura kuɗi, kada ku biya ko dala sai kun zo ofis mun duba tare. Ku tambaye mu kuma batun DAFI, tallafin karatun jami'a na 'yan gudun hijira da UNHCR ke gudanarwa tun 1992.

To, mene ne amfanin wayar? Shiri. Hukumar Lafiya ta Duniya na da darussa kyauta a intanet. Sai dai a nan babu malami tsaye a kan ɗalibi, shi zai tsara lokacinsa, shi zai gwada kansa.

Ɗalibai, hadda kaɗai ba ta isa ba. Kun karanta cewa yaro daga shekara 1 zuwa 5 da ke numfashi sau 40 ko fiye a minti ɗaya yana saurin numfashi. Ku tambayi kanku: kuka yake yi lokacin da na ƙirga? Na cika minti guda? Haka zazzaɓi: ba kowanne ne na cizon sauro ba, shi ya sa ake gwada jini kafin a ba da magani. Bayan kowane darasi ku ajiye wayar, ku rubuta abin da kuka gane, ku bayyana wa junanku da Hausa. Inda bakinku ya sarƙe, nan ne ba ku gane ba tukuna. Kuma ɗalibi ba ya yin allura ko rubuta magani. Mara lafiya a kai shi asibitin Sérou ko Djougou.

Iyaye mata, idan kun ga yarinya ta duƙufa a kan waya, ku tambaye ta me ta koya yau kafin ku yi mata faɗa. Ku rage mata ɗiban ruwa na awa ɗaya. Iyaye maza, ku bar mata wayar da caji idan dare ya yi.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya dawo mana da zaman lafiya.