Ola Rotimi da Dandalinmu da Ya Zama Sito



An ce in yi magana a kan wani marubuci da muka karanta a makaranta. Na zaɓi Ola Rotimi, don kuwa duk wanda ya zauna ajin adabi tare da mu ba zai manta da The Gods Are Not to Blame ba. Ni ma ban manta ba, domin ni aka ba matsayin dogari a wasanmu na ƙarshen shekara, na tsaya awa biyu riƙe da mashi ban ce uffan ba.

An haifi Rotimi a Sapele a 1938, mahaifinsa Bayarabe, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Ijo. Tun yana ƙaramin yaro ya fara hawa dandali. Ya yi karatun wasan kwaikwayo a Amurka, a Boston da Yale, ya dawo gida a 1966. Ya koyar a Jami'ar Ife, sannan Fatakwal, ya rasu a shekarar 2000.

A 1968 aka fara nuna wasan nan, ana tsakiyar yaƙin basasa. Labarin na Girkawa ne, na sarkin da ya kashe ubansa ya auri uwarsa ba da saninsa ba. Amma ku tuna abin da ya sa Odewale ya kashe dattijon nan a gona. Rigimar ƙasa ce, har ya so ya haƙura, sai dattijon ya yi wa harshensa da ƙabilarsa ba'a. Ashe wanda ya kashe saboda ƙabila mahaifinsa ne. Lokacin muna yara jarrabawa kawai muke hange. Sai da na fara aikin gwamnati, na ga yadda ake duba jihar mutum kafin a duba takardunsa, sannan na gane da wa Rotimi yake.

Shi a wurinsa wasa ba na karatu ba ne kawai. Yakan cika fili da jama'a da kiɗa da waƙa, 'yan kallo su kewaye 'yan wasa kamar a dandalin ƙauye. A Hopes of the Living Dead, labarin kutaren da suka ƙi yarda a watsa su daga asibitin Fatakwal, kowa da harshensa yake magana, sai wani ya yi wa wani tafinta.

To, jiya na leƙa zauren da muka yi namu wasan. Ya zama sito, cike da karyayyun kujeru, kuma an ce mini ƙungiyar wasan kwaikwayo ta daɗe da mutuwa. Ina roƙon shugaba ya sa gyaransa cikin kasafin bana. Ni na ɗauki nauyin labule da fitilu. Malaminmu na adabi, ga shi nan zaune, ya ce in an gyara zai riƙa zuwa ran Asabar ya horar da yaran.