Ma'aunin Masani a Duniyar Bincike: Jawabi a Taron Shekara-Shekara

 

Tambayar da muke son ɗora jawabinmu a kai ita ce: da me ake auna masanin kimiyya? A garuruwanmu mun saba auna ɗan boko da digirinsa da muƙaminsa. A duniyar bincike kuwa abubuwa uku ake dubawa: maƙalun da ya buga a mujallun kimiyya bayan takwarorinsa sun tantance su, da masanan da ya haɗa gwiwa da su, da kuma yawan lokutan da wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa a nasu rubutun.

Bari mu kawo misali da ɗan Arewa, Dokta Mahmoud Bukar Maina, mutumin Nguru ta Jihar Yobe. Ya yi digirin farko a Jami'ar Maiduguri, ya yi na biyu da na uku a Jami'ar Sussex da ke Ingila, inda ya duƙufa kan binciken cutar mantuwa da ake kira Alzheimer, wadda ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A shekarar 2021 shi da abokan aikinsa suka buga wani nazari a mujallar Nature Communications game da binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Afirka daga 1996 zuwa 2017. Daga cikin maƙalu 12,326 masu ɗauke da sunan wata cibiya ta Afirka, 5,219 ne kawai aka tabbatar an yi aikinsu a nahiyar, bisa jagorancin masanan da ke zaune a cikinta. In aka raba, kowace ƙasa ta tashi da kimanin maƙalu 5 a shekara. Masar ce kan gaba, sai Afirka ta Kudu, sannan Nijeriya. Nazarin ya kuma nuna cewa aikin da aka yi da haɗin gwiwar masanan wasu ƙasashe ya fi samun masu kafa hujja da shi. Dama Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne Dokta Maina ya waiwayi gida. A 2021 ɗin ne aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu bisa jagorancinsa, da kayan aikin da hulɗarsa da masanan waje ta taimaka aka samu. Ashe sunan da mutum ya yi a mujallun duniya yana iya komawa ɗakin gwaje-gwaje a jiharsu.

Jama'a, wannan fanni ya shafe mu kai tsaye. Daga Mabai da Ƙanƙara har zuwa Faskari da Sabuwa, wa bai san mai fama da farfaɗiya ko shanyewar ɓarin jiki ba, ko yaron da sanƙarau ya bari da kurumta? Ga kuma firgicin da rashin tsaro ya dasa a zukatan yara da mata. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A irin waɗannan azuzuwa ne ake renon masu binciken gobe, kuma in iyaye suka yanke ƙauna daga gare su, mun yi asarar da ba ta misaltuwa.

Saboda haka muna ba wannan ƙungiya shawara guda uku. Ta farko, a buɗe rajistar 'ya'yanmu da ke koyarwa ko bincike a jami'o'in Dutsin-Ma da Katsina da Zariya da ƙasashen waje, a san fannin kowa da abin da ya buga. Ta biyu, a ware wani kaso na kuɗin tallafin karatu ga masu digiri na biyu da na uku a kimiyyar lafiya, domin sinadarai da kuɗin buga maƙala suna da tsada. Ta uku, duk wanda ya ci gajiyar tallafin ya riƙa zuwa makarantunmu sau ɗaya a shekara, ya kama hannun ɗalibi ko da guda ne.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.