Ruwan Damana da Yaran da Muke Aikawa Shayar da Bisashe

Iyayena da 'yan'uwana makiyaya na Arlit, Akokan, Gugaram da Dannat. Maganar yau ba ta allurar rigakafi ba ce, ta yaranmu ce. Su muke tura wa awaki da raƙuma zuwa bakin ruwa, mu kuwa muna rumfa.

Wani zai ce: "Ai nan babu kada." Gaskiya ne. Kada na can kudu a kogin Isa da gandun dajin W, dorina na wajen Ayoru. Abin da ke cin yara a ƙasarmu shi ne ruwan kansa.

Na farko, ƙorama. Ruwa na zuba kan duwatsun Abzin, nan kuwa rana tsaka, ko ɗigo babu. Sai ƙorama ta taso gaba ɗaya da itace da duwatsu. Kun tuna Satumban 2009, da ƙoramar Telwa ta fasa madatsa cikin dare ta rushe dubban gidaje a Agadas. A 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a faɗin Nijar. Saboda haka, da damana kada a kafa zango ko a kwantar da garke cikin ƙorama, ko da ta bushe ƙayau. Ku koya wa yaro: in ya ga hadari kan dutse ko ya ji ruri, ya hau tudu, ya bar bisashe. Akuya ana sayen wata.

Na biyu, gurabun ruwa na cikin dutse, waɗanda da Tamajak ake kira agelmam. Bakinsu na da santsi, zurfinsu ba ya ganuwa. Akwai matsattsaku da ke maƙalewa a maƙogwaron bisa, sai ka ga jini a bakinta. Ɗebo ruwa da guga, ka tace da ƙyalle, ka zuba a kwami nesa da baki. Bisa ta sha lafiya, yaro bai shiga ba.

Na uku, tafkunan da ruwa ke daɗewa. Wanka ciki na kawo tsargiya. In yaro na fitsarin jini, a kai shi likita. Akwai ƙwayar magani mai suna praziquantel. Tafkunan da ke cikin shingen ma'adinan yuraniyom kuwa, ba na sha ba ne ga mutum ko bisa.

Masu gangarawa kudu har bakin kogi, ku sani kada na lura da wurin da garke ke sha kullum, ya fi kai hari da asuba da magariba. Ku tambayi masunta inda yake. Kada a zubar da hanjin kifi a mashaya, kada yaro ya tsuguna dab da ruwa.

In yaro ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi. Jefa masa igiyar guga ko bido marar komai da aka rufe bakinsa. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa. Kada a rataye shi kai ƙasa. Ko ya farfaɗo, a kai shi likita ranar nan.

Roƙona guda ne: kowace shayarwa, babba ɗaya ya bi yara, da igiya a hannunsa. Allah ya ba mu damana mai albarka.