Ɗaki Ma Abokin Kiɗa Ne: Lacca A Kan Inda Ya Kamata A Ajiye Amfilifayar Jita

 Ina miƙa godiyata ga ƙungiyar ɗalibai da ta ga dacewar ba ni wannan dama. Abin da zan yi magana a kai ƙanƙane ne a ido, watau wurin da mutum zai ajiye amfilifayar jitarsa idan zai ɗauki kiɗa a gida. Amma fa kada ku raina shi, gama ya cinye kuɗin samari da yawa.

Na san wani abokina da ya tara albashinsa na watanni ya sayi amfilifaya, ya kafa ta a kusurwar ɗakinsa, ya ɗauki kiɗa. Da ya saurara sai ya ji ruri kamar ana buga ganga cikin rijiya. Ya ɗora wa amfilifayar laifi, ya sayar da ita da hasara, ya ci bashi ya sayo wata, ya mayar da ita kusurwar nan. Ruri yana nan inda ya bar shi. Ashe an bar jaki ne ana dukan taiki: laifin na ɗaki ne.

Dalili kuwa shi ne, makirufo ba ya jin lasifika kaɗai. Yana jin amon da ya fito daga gare ta, sa'an nan yana jin wanda ya bugi bango da daɓe da rufi ya komo. Wannan ilmi ba sabo ba ne. Tun a 1895 wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Wallace Sabine, ya shiga binciken wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Ya riƙa shigo da matasan kujeru yana auna tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu, har ya gano cewa girman ɗaki da irin kayan da ke cikinsa su ke hukunta wannan.

To bari mu yi ɗan lissafi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan tsakanin bango da bango mita 4 ne, ɗakin zai riƙa kumbura sautin da ke kaɗawa sau 43 a daƙiƙa, da mai 86, da mai 129. Tsirkiyar jita mafi kauri kuwa tana kaɗawa kusan sau 82. Kun ga ke nan sun yi maƙwabtaka, shi ya sa wannan tsirkiya ke danne sauran. Kumburin nan ya fi tsanani a jikin bango, ya kuma fi muni a kusurwa, inda bango biyu da daɓe suka haɗu. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne ya fi wuyar sha'ani, domin kumburin ɓangarorin biyu yana faɗawa a kan sauti guda.

Saboda haka shawarata ta farko: a fitar da amfilifaya daga kusurwa, a janye ta daga bango da kamar mita ɗaya, musamman idan bayanta a buɗe yake, gama irin wannan tana fitar da amo ta gaba da ta baya. Kada kuma a dasa ta a tsakiyar ɗaki cif, inda waɗansu sautuka ke ɓacewa waɗansu su yi yawa. A gwada wajen sulusin tsawon ɗakin, a ɗan karkatar da fuskarta don kada ta kalli bango kai tsaye.

Ta biyu, a ɗaga ta daga ƙasa, a ɗora ta bisa kujera mai ƙarfi, ko a kishingiɗar da ita ta dubi sama kaɗan. Amon da ya bugi daɓe yakan iso makirufo a makare. Idan hanyarsa ta fi ta ɗan'uwansa tsawo da rabin mita, sautin da ke kaɗawa sau 343 zai raunana, kiɗa ya fito kamar daga cikin bututu. Darduma mai kauri tsakanin lasifika da makirufo tana rage wannan.

Ta uku, a tausasa ɗaki. Bangon siminti da daɓen tayil ba sa shan amo, mayar da shi suke yi. Ku tsaya ku tafa hannu sau ɗaya; in kun ji wata ƙara tana karkarwa a bayan tafin, sai a jingina katifa a bango, a rataya bargo da labule mai nauyi. Kwalin ƙwai da waɗansu ke mannawa ba shi da kaurin da zai taɓa ruri.

Ta huɗu, a matso da makirufo dab da lasifika, kamar faɗin yatsu uku, domin amonta ya rinjayi na ɗaki. Tsakiyar lasifika tana ba da sauti mai kaifi, gefenta kuwa mai taushi. A kashe fanka, a nisanci janareta.

Daga ƙarshe, kunne shi ne alƙali. A ɗauki kiɗa guda a wurare uku ko huɗu, a saurara, a sa alama da alli inda ya fi daɗi. Wannan aikin rabin sa'a ne, ba ya cin ko kwabo. Kafin ɗayanku ya kai kuɗinsa kanti, ya fara matsar da abin da yake da shi taku biyu.