Kukan ƙafar mota a hanyar Galabat

Tsofaffin Hiace ɗinmu masu lodi daga Gadarif zuwa Galabat, bakin iyakar Habasha, sukan yi kuka kafin su kwanta. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in an karkata sitiyari, boris ne. Mu ɗaga motar da jak, mu girgiza tayar. In tana lilo, a kwance a duba. Mai lafiya giris da ɗauri sun ishe shi, wanda ya cinye sai sabo. Ƙarar ƙwas wajen tashi ko sauya giya kuwa, mahaɗin shaf ɗin da ke tura tayoyin baya ne. Mu gyara tun kafin damina, domin baƙar lakar nan jak ba ya tsayuwa a cikinta.