'Yancinmu da Ɗan Maƙwabci



Mukan ce rigakafi zaɓin mutum ne, hukuma ba ta da ikon tilasta mana. Gaskiya ne, tilas ba ta sāke zuciya. Ko shiga ƙungiyar ƙwadago ma, dokar 2005 ta bar wa ma'aikaci zaɓinsa.

Amma mu tuna da 2003, sa'ad da aka dakatar da ɗigon maganin shan inna a Zamfara, Kano da Kaduna saboda jita-jita. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, yara suka gurgunce. Manya suka zaɓa, yara suka ɗauki wahalar. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

A 1 Korantiyawa sura 8, manzo Bulus ya yarda ya bar abin da ya halatta gare shi saboda ɗan'uwa rarrauna. Mu fa? In masu ɗigon sun zo ƙofarmu, kada mu ɓoye yara. Mu tambaya, mu fahimta, mu karɓa saboda ƙauna.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.