Hasken rana a ɗakunanmu na Arlit da Akokan

Maganarmu ta yau a kan taga ce, kuma kada a raina ta.

Mu da muka baro gida muka zo nan, mun tarar da rana wadda ba mu saba da irinta ba. Saboda tsoron zafi da ƙura sai muka riƙa gina ɗaki kamar rumbu, ƙofa ɗaya, taga kuwa in akwai an toshe ta da buhu. Ga shi da tsakar rana tsoho na lalube, yaro ba ya ganin allonsa, kunama ta samu maɓoya. A da, wanda ke cikin gidajen kamfani yana da kuran, bai damu ba. To, Cominak ta rufe mahaƙar Akuta a ƙarshen Maris 2021, kuma mu mutanen Bukoki dama ba mu taɓa morar wannan gata ba.

Rana tana da hanyarta, mu lura da ita. A nan Arlit, lokacin ɗari, wajen Disamba, tana karkata kudu sosai. Da bazara kuwa tana bi ta tsakar ka, har daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli takan ɗan leƙa arewa. Saboda haka tagar kudu ta fi amfani, in an ɗora mata ƴar rumfa a sama. Da hunturu rana za ta shigo ta ɗumama ɗaki, da bazara rumfar ta tare ta, haske kaɗai ya wuce. Ga kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ƙurarta ba ta fuskantar wannan tagar. Ta arewa ma tana ba da haske mai sanyi, amma sai da murfi. Ta yamma ita ce mugu, ranar la'asar za ta mai da ɗaki tanderu.

Mun san abin da maigida zai ce: mai wucewa zai leƙa iyali. Gaskiya ne. Sai a ɗaga tagar sama da kan mutum, kusa da rufi, a yi ta ƙarama. Hasken da ya shigo daga sama ya fi kaiwa ƙuryar ɗaki, zafin da ya taru can kuma ta nan zai fita. A shafe bango da farar ƙasa, don baƙin bango yana shanye haske, fari yana mai do shi.

Akwai wadda ta fi wannan nauyi. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa sun samu ƙarafunan da suka fito daga mahaƙa ana sayarwa a gari, a 2009 kuma Greenpeace ta auna gurɓataccen dutse a titunan Akokan. Dutsen uraniyom yana fitar da iska mai suna radon, ba ta da wari ba ta da launi, tana taruwa a rufaffen ɗaki, kuma tana kawo ciwon daji na huhu. Buɗaɗɗiyar taga tana rage ta. Amma wanda zai yi gyara kada ya ɗauki dutse ko ƙarfen da bai san asalinsa ba, kome arharsa.

Kafin a fasa bangon laka a kira magini ya sa itace mai ƙarfi a saman wurin, kada rufi ya tsage. Masu haya su fara neman yardar mai gida.